Dainamon Tsofaffin Motoci: Yadda Ake Daidaita Alƙiblarsa da Gano Ciwonsa

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da tsofaffin motoci da taraktoci ya san wani al'amari mai ɗaure kai. Za a cire dainamo a kai wa mai rewaya, ya sauya masa gawayi, ya wanke shi tas, a mayar da shi mazauninsa, a ɗaura kowace waya inda aka ciro ta, amma da an tayar da inji sai jar fitilar caji ta ƙi mutuwa. Wani lokaci ma abin yakan fi haka muni, domin sai a ji ƙauri, a ga hayaƙi yana fitowa daga akwatin regileta. Sau da yawa babu sashen da ya lalace kafin a murza makulli. Abin da ya faru shi ne an tsallake wani ɗan aiki wanda bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, wato daidaita alƙiblar maganaɗisun dainamon ta yi daidai da ta batirin motar.

Dainamo shi ne ƙaramin janaretan da ke cajin batir a motocin da. An fara haɗa shi da batir da sitata cikin tsari guda a motar Cadillac ta Amurka a shekarar 1912, ya kuma ci zamaninsa har zuwa 1960, lokacin da kamfanin Chrysler ya fitar da motar Valiant da altaneta. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu a hankali, kafin ƙarshen shekarun 1970 altaneta ta mamaye sababbin motoci. Amma tsofaffin Land Rover, da Morris Minor, da Volkswagen Beetle, da taraktoci irin su Massey Ferguson 135, waɗanda duk sun yi aiki a ƙasarmu, da dainamo aka ƙera akasarinsu, kuma har yanzu akan ci karo da wasu a gareji ko a gona. A wannan darasi za mu ga yadda dainamo yake aiki, da dalilin da ya sa alƙiblarsa take da muhimmanci, sa'an nan mu bi matakan gano ciwonsa ɗaya bayan ɗaya.

Sassan dainamo da aikin kowane

A shekarar 1820 Hans Oersted na ƙasar Danmak ya gano cewa wayar da wutar lantarki ke bi ta cikinta tana karkatar da allurar kamfas, wato wuta tana haifar da maganaɗisu. A 1831 kuma Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa idan aka motsa waya a cikin filin maganaɗisu, wuta za ta gudana a cikinta. A kan waɗannan ka'idoji biyu aka gina dainamo.

Kafin mu ci gaba, ya kamata ɗalibi ya riƙe ma'aunai uku. Ƙarfin da ke tura wuta ana auna shi da bolt. Yawan wutar da ke gudana ana auna shi da amfiya. Turjiyar da waya ke yi wa wuta kuwa ana auna ta da om. Idan aka raba bolt da om, sai a sami amfiya.

Sassa huɗu ne muhimmai a cikin dainamo. Na farko ita ce amaca, wato sandar tsakiya mai naɗe-naɗen wayar tagulla, wadda fanbel ke juyawa. Na biyu su ne ƙarafa biyu da aka ɗaure a bangon dainamo daga ciki, suka sa amaca a tsakiya. Ana kiran su takalma saboda siffarsu. An naɗe kowane takalmi da siririyar waya, wadda za mu riƙa kira naɗin maganaɗisu, domin idan wuta ta bi ta cikinta takalman sukan zama maganaɗisu, ɗaya arewa ɗaya kudu. Na uku ita ce kwamiteta, zoben tagulla ne mai tsage-tsage a ƙarshen amaca, kowane tsagi an raba shi da maƙwabcinsa da wani abu da ba ya wuce da wuta. Na huɗu shi ne gawayi, guda biyu, waɗanda sifirin ke dannawa a kan kwamiteta su kwashi wutar.

Wutar da ke tashi a cikin amaca mai kai-da-komowa ce, domin kowace waya tana wucewa ta gaban takalmin arewa, sa'an nan ta wuce ta gaban na kudu. Batir kuwa ba ya karɓar caji sai da wuta mai tafiya hanya ɗaya. Aikin kwamiteta ke nan: tana sauya wa kowane naɗi gawayin da yake taɓawa a daidai lokacin da wutarsa za ta juya, saboda haka gawayi ɗaya ya zama fozitif, mai alamar +, ɗayan kuma ya zama negatif, mai alamar −. A nan akwai abin lura mai girma. Kwamiteta tana tabbatar da cewa wuta ta bi hanya ɗaya, amma ba ita ke zaɓen hanyar ba. Abin da ke zaɓe shi ne wane takalmi ne arewa, wane ne kudu. Wannan shi muke nufi da alƙiblar dainamo.

Daga ina wutar farko take fitowa?

Dainamon keke yana da maganaɗisu na dindindin a cikinsa. Na mota ba shi da shi, kuma ba batir ne ke ciyar da naɗin maganaɗisunsa ba. Daga wutar da amaca ta samar yake ci. To, ga tambaya: amaca ba ta ba da wuta sai da maganaɗisu, maganaɗisu kuma ba ya samuwa sai da wutar amaca, wa zai fara?

Amsar tana cikin halin baƙin ƙarfe. A cikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna waɗanda ido ba ya gani, kowane yanki tamkar ƙaramin maganaɗisu ne. A ƙarfen da ba a taɓa ba, yankunan suna fuskantar ɓangarori dabam-dabam, ƙarfinsu yana kashe juna. Idan wuta ta bi ta naɗin da ke kewaye da ƙarfen sai su jeru su fuskanci gefe ɗaya. Idan aka ɗauke wutar, mafi yawansu sukan warwatse, amma kaɗan sukan tsaya a jere. Wannan shi ne ragowar maganaɗisu. Masani James Alfred Ewing ya yi nazarin wannan hali na ƙarfe a shekarun 1880, shi kuma Pierre Weiss na Faransa ya kawo bayanin yankunan a farkon ƙarni na 20.

Ragowar maganaɗisu kamar garwashin da uwargida ta binne cikin toka ne da dare, wanda da shi za a hura wutar safe. Da amaca ta fara juyawa, ragowar takan samar da ɗan ƙarfi kamar bolt 1 ko 2. Wannan 'yar wuta sai ta shiga naɗin maganaɗisu ta ƙara wa takalma ƙarfi. Takalma masu ƙarfi su sa amaca ta ƙara ba da wuta, ƙarin wutar ya sake ƙarfafa takalma, haka dai har cikin ɗan lokaci a kai bolt 13 ko fiye. Ɗaliban nazarin halittu sun san irin wannan tsari a wajen daskarewar jini, inda 'yan ƙwayoyin farko da suka manne a bakin rauni suke jawo wasu, waɗannan su ma su jawo wasu. Wannan dabara ta janareta ya ciyar da kansa, Werner von Siemens na Jamus da Charles Wheatstone na Ingila ne suka bayyana ta a gaban masana a farkon shekarar 1867, kowa da nasa binciken.

Abubuwa biyu sun fito daga wannan bayani. Na ɗaya, idan ragowar maganaɗisu ta yi rauni ƙwarai, dainamo zai yi ta juyawa ba tare da ya ba da komai ba, ko da sassansa duk lafiya lau suke. Na biyu, idan ragowar ta juya, arewa ta koma kudu, dainamo zai tashi da cikakken ƙarfinsa, amma a juye: inda ake jiran fozitif sai negatif ya fito. Dogon ajiya, da bugun guduma yayin kwancewa, da sauya takalma ko naɗinsu suna raunana ragowar. Gwada dainamo a kan benci da wayoyi a juye, ko ɗaura batir a juye, suna iya juya ta. Zafin inji shi kaɗai ba ya share ta, domin baƙin ƙarfe ba ya rasa halinsa na maganaɗisu gaba ɗaya sai ya kai digiri 770 a ma'aunin Salsiyas.

Regileta da katawut

Tsakanin dainamo da batir akwai akwatin regileta, wanda a gareji akan kira shi duka da sunan katawut. A haƙiƙa katawut sashe ɗaya ne daga cikinsa. Shi makunni ne mai aiki da maganaɗisu, wanda kwantak ɗinsa yake a buɗe muddin inji a kashe yake ko yana tafiya a hankali. Idan ƙarfin dainamo ya zarce na batir sai ya rufe, caji ya fara. A akwatin Lucas RB106 an tsara ya rufe tsakanin bolt 12.7 da 13.3. Idan inji ya lafa, wuta ta fara komowa daga batir, sai ya sake buɗewa. Aikinsa ya yi kama da na marufan zuciya, waɗanda ke barin jini ya wuce gaba su hana shi komawa baya. Ba don shi ba, da batir ya tsiyaye cikin amaca, domin turjiyarta ba ta kai om 1 ba.

Sashe na biyu shi ne mai kayyade bolt. Yana da kwantak mai karkarwa, wanda ke buɗewa da rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, yana rage wa naɗin maganaɗisu abinci duk lokacin da ƙarfin ya nemi wuce kima. Akwatuna masu sassa uku, irin su Lucas RB340 da mafi yawan na Amurka, suna da ƙarin sashe mai kayyade amfiya, domin kada dainamo ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa ya ƙone. Dainamon Lucas C40, alal misali, amfiya 22 ne iyakarsa.

Yanzu mu ga abin da ke faruwa idan alƙibla ta juya. Naɗin da ke rufe katawut bai damu da hanyar da wuta ta bi ba, domin maganaɗisu yana jan ƙarfe ko da arewa ko da kudu. Saboda haka da dainamo ya kai bolt 13 a juye, katawut zai rufe kamar kullum. A tsarin da ke daidai, bolt 13 na dainamo yana ture bolt 12 na batir, bambancin da ke tura wuta ɗan kaɗan ne. A tsarin da ya juya kuwa, su biyun suna turi gefe ɗaya, wato bolt 25 ke nan. Mu ƙaddara turjiyar hanyar duka rubu'in om ce. Idan aka raba 25 da rubu'i za a sami amfiya 100, a na'urar da aka yi domin 22. Zafin da waya ke yi kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon amfiya sau amfiya, don haka zafin zai ninka na ka'ida kusan sau 20. Kwantak zai yi tartsatsi, ya ƙone ko ya narke ya manne, dalmar da ke riƙe wayoyin amaca ta zube. Wani lokaci wannan wuta mai yawa takan mayar da alƙibla daidai da kanta, amma bayan ta riga ta ci kwantak.

Dainamo iri biyu ne

Maganin matsalar shi ne a tura wutar batir ta cikin naɗin maganaɗisu na ɗan lokaci, kafin a tayar da inji, domin yankunan ƙarfen su jeru ta fuskar da ta dace da batirin. Amma kafin a taɓa kowace waya dole ne a san irin dainamon, domin hanyar da ke gyara wani iri ita ce ke ƙona regiletar ɗayan.

A mota, gangar jikin ƙarfe ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma batir, shi ya sa ake ɗaure kan batir ɗaya a jiki. Ɗayan kan shi za mu kira kai mai rai. A bayan dainamo kuma akwai tashoshi biyu: babba ta amaca, mai harafin D ko A ko D+, da ƙarama ta naɗin maganaɗisu, mai harafin F ko DF.

Iri na farko, wanda littattafan Amurka ke kira tsarin A, shi ne wanda naɗin maganaɗisu yake shan wuta daga tashar amaca a cikin dainamo, sa'an nan ya fito ta F ya tafi regileta, ita ce take sada shi da jikin mota. Akasarin dainamon Delco-Remy na motocin General Motors haka suke, haka ma na Bosch da ke cikin Volkswagen Beetle. Iri na biyu, tsarin B, shi ne wanda regileta ke aiko wa naɗin wuta ta tashar F, ɗaya ƙarshen naɗin kuma an haɗa shi da jikin dainamo daga ciki. Dainamon Ford na Amurka da na Lucas irin C40, wanda ke cikin motocin Ingila da yawa, wannan tsari suke bi.

Idan babu littafin motar a hannu, a cire wayoyin dainamo duka, a ɗaga gawayi biyu daga kan kwamiteta, a auna da mita. Idan akwai hanya tsakanin F da jikin dainamo, tsarin B ne. Idan hanyar tsakanin F da babbar tasha take, babu kuma tsakanin F da jiki, tsarin A ne. Ɗaga gawayin wajibi ne, domin idan suna zaune wuta za ta zagaya ta cikin amaca, mita ta nuna hanya a iri biyun duka.

Yadda ake daidaita alƙibla

Ana yin aikin ne inji a kashe, batir a ɗaure yadda za a yi amfani da shi. A tsarin A irin na Delco-Remy, wayoyi duka suna ɗaure, sai a ɗauki guntuwar waya a taɓa tashar BAT da tashar GEN ko ARM a jikin regileta, taɓawa ɗaya kamar ƙyasta ashana. Kada a kuskura a kai wutar batir kan F a wannan tsari, domin daga F hanya ce kai tsaye zuwa jikin mota ta cikin siririn kwantak, nan take zai ƙone. A Beetle kuwa abin da aka saba shi ne a cire wayoyin dainamo da fanbel, a haɗa DF da jiki, a kai fozitif na batir kan D+ na 'yan daƙiƙoƙi. Dainamon zai juya da kansa kamar fanka, alƙiblarsa ta daidaita.

A tsarin B, sai an fara raba wayar F da regileta. A dainamon Lucas akan cire wayoyin D da F duka. Sa'an nan a jawo waya daga kan batir mai rai a goga ta a kan tashar F ta dainamo sau biyu ko uku. Za a ga ɗan tartsatsi shuɗi, wanda ke nuna wuta ta ratsa naɗin. Turjiyar naɗin C40 kusan om 6 ce, saboda haka amfiya 2 kacal ke wucewa, ba ta ƙona komai. Amma idan aka bar wayar F a jikin regileta, wutar batir za ta bi ta kwantak ta faɗa cikin amaca mai ƙarancin turjiya, a yi ɓarna.

A lura cewa mun ce kai mai rai, ba mu ce fozitif ba. Motocin Ford na Amurka har zuwa 1955, da yawancin motocin Ingila har tsakiyar shekarun 1960, fozitif ne suke ɗaurewa a jiki, negatif ne mai rai. Dainamo ɗaya yana aiki a tsarin biyu, muddin an daidaita shi. Wannan ne ya sa mai tsohuwar mota yake iya mayar da ita tsarin zamani domin ya sa rediyo ko cajar waya: a juya batir, a daidaita dainamo, a sauya wayoyin kwayil biyu da na agogon amfiya idan akwai. Sitata irin ta da, wadda ba ta da maganaɗisu na dindindin, za ta ci gaba da juyawa yadda ta saba.

Gargaɗi biyu. Batir yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iska, don haka a yi tartsatsin a jikin dainamo ko regileta, nesa da batir. A kuma cire zobe da agogon ƙarfe kafin a fara.

Bin sawun matsala mataki-mataki

Ma'aikaci nagari yana fara bincike daga abu mai sauƙi da araha. Da farko a duba fanbel. Idan aka danna tsakiyarsa da yatsa ya kamata ya lotsa kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. Sako-sako yana sulɓewa, wanda aka ɗaure tamau kuma yana cin boris. Sai a duba kawunan batir, da wayar da ta haɗa batir da jiki, da ta regileta, a kankare tsatsa da datti.

Na biyu, a auna batir. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kamar 12.6 idan ya huta. A tayar da inji a ɗan taka totur. Idan mita ta hau zuwa 13 da rabi ko sama da haka, caji yana tafiya. Idan ba ta motsa ba, akwai matsala. Kada a yanke hukunci inji yana silo, domin a wannan gudu dainamo ba ya cika yin caji, jar fitila ma takan ɗan yi haske, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Na uku, a daidaita alƙibla kamar yadda aka bayyana, a sake aunawa. Dainamon da ya daɗe a ajiye sau da yawa wannan kaɗai yake bukata.

Na huɗu, a raba dainamo da regileta domin a san mai laifi. A cire wayoyin dainamo biyu. A tsarin B a haɗa D da F da guntuwar waya. A tsarin A a haɗa F da jiki. A sa mita tsakanin babbar tasha da jiki, a tayar da inji, a ƙara gudu sannu a hankali. Yanzu babu mai kayyade dainamon, saboda haka kada a bari mita ta kai bolt 20, kada kuma a ja gwajin. Idan allura ta hau da sauri ba tangarɗa, dainamo lafiya yake, sai a koma kan wayoyi da regileta. Littattafan gyaran motocin da ke da dainamon Lucas sun nuna cewa idan mita ba ta nuna komai ba a duba gawayi, idan ta tsaya tsakanin rabin bolt da bolt 1 a zargi naɗin maganaɗisu, idan kuma ta tsaya a bolt 4 ko 5 a zargi amaca. Idan ta nuna a juye, alƙibla ce ba a daidaita ba.

Na biyar, idan laifin na dainamo ne, a buɗe shi. Gawayi yakan cinye, ko ya maƙale cikin gidansa saboda ƙura da mai, ko sifirinsa ya saki. Kwamiteta mai baƙi a goge ta da samfefa mai laushi irin ta katako. Kada a yi amfani da irin ta goge ƙarfe, domin ɓurɓushinta yana maƙalewa ya haɗa tsage-tsagen. Abin da ya raba tsage-tsagen ya kamata ya kasance ƙasa da tagulla da kusan milimita 1, in ba haka ba gawayi zai riƙa tsalle. Idan aka ga ɗigon dalma a warwatse a bangon ciki, alama ce amaca ta taɓa yin zafi fiye da kima, kuma sai an gano dalili kafin a sa wata.

Akwai kuma alamomi biyu da ke bukatar gaggawa. Idan an kashe inji agogon amfiya ya nuna wuta tana zuba da yawa, ko dainamo ya ɗauki zafi, katawut ne ya manne. A cire kan batir nan take. Idan kuwa batir yana tafasa, ruwansa yana ƙafewa, ƙwayayen fitila suna ƙonewa, caji ne ya yi yawa. A nan sanin tsari yana taimakawa: a tsarin A a nemi inda wayar F ta goge ta taɓa jiki, a tsarin B a nemi inda D da F suka haɗu, a duka biyun kuma a tabbata regileta tana haɗe da jiki sosai.

Altaneta ba ta bukatar wannan aiki

Duk abin da aka faɗa game da goga waya ya tsaya ne a kan dainamo. Altaneta ta mota tana samun wutar farko daga batir, galibi ta hanyar jar fitilar caji, kuma dayod ne ke mayar da wutarta hanya ɗaya, su ne kuma ke tsayar da wane kai ne fozitif. Babu alƙiblar da za a daidaita. Wanda ya goga mata waya irin yadda ake yi wa dainamo yana iya kashe dayod ko regiletarta. Bambance su ba wuya: dainamo dogo ne kamar gwangwani, jikinsa baƙin ƙarfe, altaneta kuwa gajeriya ce mai faɗi, jikinta farin ƙarfe mai huji-huji.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai ragowar maganaɗisu da kayan da ba su da tsada: doguwar ƙusa, da waya mai rufi, da batirin tocila mai bolt 1.5, da kamfas. A naɗa wayar kamar sau 50 a jikin ƙusa, a haɗa da batir na daƙiƙa biyu, a cire. A kai tsinin ƙusar kusa da kamfas, a rubuta wane kan allura ne ya guje masa. Gudun shi ne hujja, domin ƙarfe ko ba shi da maganaɗisu yana jan kowane kai na allura. Sa'an nan a juya batirin a maimaita; za a ga ɗayan kan ne yake gudu. A ƙarshe a kwance wayar, a bubbuga ƙusar da guduma, a ga yadda ƙarfinta ya ragu. Ƙusar nan ita ce takalmin dainamo, abin da ɗalibi ya yi da batirin tocila kuwa shi ne abin da mai rewaya yake yi da guntuwar wayarsa.

Kammalawa

Mun ga cewa dainamo yana tashi ne daga ɗan maganaɗisun da ya rage a takalmansa, kuma fuskar da wannan ragowa ta kalla ita ce ke tsayar da hanyar wutarsa. Saboda haka duk lokacin da aka kwance dainamo, ko aka sa wani, ko aka sauya regileta, ko aka juya tsarin batir, a daidaita alƙibla kafin a murza makulli, bayan an tabbatar da ko tsarin A ne ko na B. Kayan gyaran waɗannan motoci sun yi wuyar samu a yau, regiletar da ta ƙone kuma tana iya ajiye tarakta a tsakiyar damina.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwamiteta ba ta iya hana dainamo ba da wuta a juye?

2. Naɗin maganaɗisun wani dainamo yana da turjiyar om 4. Amfiya nawa za ta bi ta cikinsa idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12?

3. Bayyana dalilin da ya sa ake raba wayar F da regileta kafin a daidaita alƙiblar dainamo mai tsarin B.

4. A gwajin ƙusa, me ya sa gudun allura ya fi janta zama hujja?

5. Kawo wani misali daga jikin ɗan Adam ko daga tsirrai inda ƙaramin abu yake haifar da ƙarin kansa, kamar yadda wutar dainamo take yi.